Yadda Ake Tsara Kasafin Kuɗin Gida da Tanadin Manyan Hidimomin Iyali

Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, haihuwa, aurar da ɗa ko 'ya, gyaran rufin ɗaki: duk cikinsu babu wanda ke zuwa babu sallama. Haya tana da ranarta, makaranta tana da zangonta, mai ciki kuma tana ba da sanarwar watanni. Amma su ne suka fi jefa magidanta cikin bashi, domin akasarin mutane lissafin wata ɗaya suke yi, alhali waɗannan hidimomi ba kowane wata suke zuwa ba. A watan da ba su zo ba sai a ga kamar akwai rara a hannu, a kashe ta. A watan da suka zo kuma sai a shiga neman rance. Aikin kasafin gida shi ne ya mayar da kowace babbar hidima ƙaramin kuɗin da ake cirewa duk wata, tun kafin ranarta ta matso. Lambobin da za a gani a nan misali ne kawai, kowa ya ɗora su a kan irin kuɗin da yake kashewa.

A fara da sanin abin da ke shigowa

Abin da za a rubuta a matsayin kuɗin shiga shi ne wanda ya iso hannu bayan an cire haraji da fansho da duk wani abu da ake zarewa daga tushe. Alawus ɗin da ke zuwa wani wata ya ƙi zuwa wani wata, da kuɗin ƙarin aiki, da bashin da ake bin wani yana ta alkawarin biya, duk kada su shiga wannan lissafi. In sun zo, an samu ƙari. In aka gina kasafi a kansu suka ƙi zuwa, an buɗe giɓi.

Mai albashi nasa da sauƙi. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu da manomi su ne ke buƙatar ƙarin aiki. Su duba abin da suka samu cikin watanni 12 da suka wuce, su ware watanni uku da samu ya fi ƙaranci, su haɗa su raba uku. Abin da ya fito shi ne albashin da za su riƙa biyan kansu duk wata. A watan da kasuwa ta yi kyau, abin da ya haura wannan adadi ya tafi ajiya, domin shi zai cike watan da ta yi sanyi. Dole kuma a raba aljihun sana'a da na gida. Wanda ke ɗibar cefane kai tsaye daga kuɗin ciniki ba zai san ribarsa ba, kuma yawanci sai jari ya zaizaye sosai kafin ya farga.

Wata guda na rubuta komai

Kafin a yanka wa kowane fanni kasonsa, a ɗauki kwana 30 ana rubuta duk abin da ya fita daga hannun duk wanda ke kashe kuɗin gidan. Littafi da biro sun isa, ko waya ga wanda ya fi sabawa da ita. Sharaɗin dai a rubuta a ranar, don bayan kwana biyu an manta ƙananan. Kada kuma a canza yadda ake kashewa a wannan watan don lissafi ya yi kyau. Gaskiyar gidan ake nema.

Ƙananan nan su ne ke ba mutane mamaki: katin waya da data, kuɗin mota, ɗan abin taɓawa a wurin aiki, cajin da banki ke cirewa, abin da ake miƙa wa yara. Mutum zai rantse cewa bai kashe komai ba, amma in aka tara su sai a ga sun kai wani kaso mai kauri na albashi.

Akwai kuskuren lissafi da ake yawan yi a nan. Wata ba mako huɗu ba ne. Shekara mako 52 ce, in aka raba 12 kowane wata ya zama mako 4.33. Gidan da ke kashe 10,000 a cefanen mako, abin da yake kashewa a wata kusan 43,300 ne, ba 40,000 ba. A shekara bambancin ya kai 40,000, wato cefanen mako huɗu cur da ba a yi wa tanadi ba. Duk abin da ake biya mako-mako a ninka shi sau 52 a raba 12.

Rabon kuɗin wata

Bayan wata ya cika, a kasa abin da aka rubuta gida uku. Akwai na dole wanda adadinsa ba ya canzawa, kamar biyan bashi. Akwai na dole wanda ke hawa da sauka, kamar abinci, wuta, ruwa, sufuri da magani. Akwai kuma wanda in an bar shi babu wanda zai cutu.

Za a ji ana ambaton tsarin 50/30/20: kashi 50 cikin 100 ga buƙatun dole, 30 ga abin sha'awa, 20 ga ajiya da biyan bashi. Ma'auni ne mai amfani ga gidan da samunsa ke da ɗan yalwa, amma kada mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauka ya gaza don bai iya binsa ba. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna cewa gwargwadon ƙarancin samun gida, gwargwadon girman kason da abinci ke cinyewa daga cikinsa. Gidan da abinci kaɗai ke cin rabin samunsa ba shi da kashi 30 na nishaɗi. Irin wannan gida ya fara ajiya da kashi 5, ko ma ƙasa da haka, ya riƙe shi ba fashi. Ɗorewar ta fi yawan muhimmanci a farko.

Abubuwa biyu da ake yawan mantawa su samu layinsu. Na farko taimakon dangi da abokan arziki. Tunda an san za a yi, a yanka masa adadi, in ya ƙare a wata ya ƙare sai wani watan. Na biyu kuɗin kashewa na mijin da na matar, wanda babu mai tambayar wani yadda ya yi da shi. Kasafin da ya ƙuntata wa mutane har ba su da ikon sayen ɗan abin da ransu ke so ba ya wuce wata biyu ko uku, sai a fara ɓoye-ɓoye.

Kowane kuɗi ya san inda zai tafi tun ranar da ya shigo, har abin da ya rage bayan rabo ya zama sifili a takarda. Ga fannonin da hannu ke saurin zarcewa, dabarar ambulan tana aiki: a zuba kuɗin cefane na kowane mako a ambulan ɗinsa, kada a taɓa na mako mai zuwa. Rabon mako-mako ya fi na wata, domin wanda aka danƙa wa kuɗin wata guda yakan saki hannu a makon farko, a shiga matsi a na ƙarshe.

Kalandar manyan hidimomi

Nan ne zuciyar aikin. A ɗauki takarda a jera watanni 12 masu zuwa, a rubuta a gaban kowanne duk babban kuɗin da zai fita a cikinsa. A duba rasit da saƙonnin banki na bara don kada a tsallake wani abu: haya, kuɗin makaranta da littattafai da kayan makaranta da kuɗin jarrabawa, sabunta takardun mota da inshora, suturar iyali, gyare-gyaren gida, tafiyar da aka saba yi duk shekara.

Ga misalin gidan da ke samun 200,000 a wata. Hayarsa 360,000 ce a shekara, wato 30,000 a wata. Kuɗin makaranta 60,000 sau uku, 180,000 ke nan, wato 15,000 a wata. Sutura 60,000 a shekara, 5,000 a wata. Gyare-gyare 48,000, wato 4,000 a wata. Jimilla 54,000 duk wata, kashi 27 cikin 100 na samun gidan. Ma'anar wannan ita ce, abin da gidan ke da ikon kashewa a wata 146,000 ne. Duk watan da aka kashe fiye da haka, an ci kuɗin haya ko na makaranta ne ba tare da an sani ba.

Sai dai raba kuɗin shekara gida 12 yana aiki ne kawai in akwai watanni 12 a gaba. Shekarar farko ita ce mai wuya, kuma a nan mutane da yawa ke karaya. In aka fara tanadi saura wata biyar a biya haya, 360,000 za a raba biyar, ya zama 72,000 a wata. Don haka ba a tsaya ga jimillar shekara ba, sai an bi kalandar wata bayan wata ana ƙara abin da aka ajiye, ana cire abin da za a biya, a ga ko akwai watan da asusun zai kasa. Gidan misalin nan in ya fara a Janairu, zuwa ƙarshen Maris ya tara 162,000. In hayar a Afrilu take, akwai giɓin kusan 200,000, duk da cewa lissafin shekara daidai yake. Ganin wannan giɓi tun watanni uku kafin ya zo shi ne amfanin kalandar. Akwai lokacin da za a karkatar da duk ajiyar zuwa hidimar da ta fi kusa, a ɗage wadda za ta iya jira, a tsuke kashewa na ɗan lokaci, ko a je wurin mai gidan haya ko hukumar makaranta a nemi biya kashi biyu. Wanda ya zo da wannan magana da wuri ana sauraronsa fiye da wanda ya zo bayan wa'adi ya wuce. Da zarar an zagaya shekara guda, nauyin zai daidaita ya koma 54,000 ɗin.

Wajen ƙirga, a ƙirga albashin da za a karɓa kafin ranar biya, ba watanni ba. In makaranta za ta buɗe ranar 5 ga Satumba, albashi kuma yana zuwa ƙarshen wata, na Agusta shi ne na ƙarshe da zai yi amfani.

Hidimar da ke zuwa sau ɗaya

Aure, haihuwa, gini, sayen abin hawa, shigar yaro jami'a: waɗannan ba su da rasit ɗin bara da za a duba, don haka ƙiyasi ake yi, kuma kusan kullum ƙiyasin mutane yana gazawa. Dalili shi ne ana ambaton kuɗin dunƙule, a ce hidimar za ta ci kaza, ba tare da an warware ta ba. A warware ta dalla-dalla, kowane abu da layinsa, har da ƙananan kamar sufuri, ladan masu aiki, kuɗin takardu da abincin baƙi. A tambayi farashi a wurare uku, a rubuta na tsakiya. A tambayi wanda ya yi irin hidimar kwanan nan abin da ya kashe a ƙarshe da abin da ya zo masa ba zato. Sannan a ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a kan jimillar. In gini ne ko gyaran tsohon gida a ɗora 20, domin sai an fasa bango ko an yaye rufi ake ganin ainihin ɓarnar.

Ga haihuwa, a tambayi asibiti kuɗin haihuwa da kuma kuɗin tiyata, a yi tanadin na tiyatar. Ba fata ake yi ba, amma in likita ya ce sai an yi aiki, babu lokacin zagayen neman kuɗi. In aka sauka lafiya, rarar ta shiga hidimar jariri.

Ga biki, tun a takarda a raba abubuwan gida biyu: waɗanda hidimar ba ta yiwuwa sai da su, da waɗanda ƙawa ce. In kuɗi ya gaza an san inda za a fara yankewa, ba sai an yi gardama a ƙurarren lokaci ba. Gudummawar da ake sa ran samu daga 'yan'uwa kada ta shiga lissafi sai ta iso hannu.

Kowace babbar hidima tana jan wasu kuɗaɗe a bayanta. Mota tana zuwa da mai, da gyara, da taya, da inshora. Jariri yana ƙara kuɗin wata na shekaru masu yawa. Sabon gida da ya fi nisa da wurin aiki yana ƙara kuɗin sufuri. Kafin a yanke shawara, a gwada rayuwa da wannan ƙarin na wata uku: a riƙa cire adadin ana ajiyewa kamar an riga an fara biya. In gidan ya jure, an tabbatar zai iya, kuma an samu ajiya. In bai jure ba, an gane tun kafin a sa hannu.

Hauhawar farashi

Tanadin da zai wuce shekara ba a yin sa da farashin yau. Akwai lissafi mai sauƙi: a raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, abin da ya fito shi ne kusan shekarun da farashi zai ninka. In hauhawar kashi 15 ce, ƙasa da shekara biyar farashi ya ninka. Hidimar da ke cin 1,000,000 yau, bayan shekara uku a wannan hauhawa za ta kai kusan 1,521,000. Wanda ya raba miliyan ɗaya gida 36 zai riƙa ajiye kusan 27,800, alhali abin da ya kamace shi 42,250 ne. Duk wata shida a sake tambayar farashi a gyara adadin.

Hanya ɗaya ta rage wannan asara ita ce sayen kayan da ba sa lalacewa tun da wuri, kaɗan-kaɗan. Amma a zaɓa da hankali. Ƙarfe da kwanon rufi da kayan kicin suna jira. Siminti ba ya jira, bayan kamar wata uku ƙarfinsa yana raguwa, in ya sha danshi kuma ya daskare. Kayan lantarki garantinsu na iya ƙarewa suna cikin kwali. Takalmin yaro da kayan sawarsa yana iya girme su kafin ranar.

Inda za a ajiye kuɗin

Ranar da kuɗi ya shigo ake cire ajiya, ba a jira a ga abin da zai rage a ƙarshen wata, don ba ya raguwa. Wanda bankinsa ke da tsarin tura kuɗi kai tsaye zuwa wani asusu a rana tsayayya ya yi amfani da shi. Asusun tanadin ya zama daban da na kashewa, kuma gara a ce ba shi da katin cire kuɗi a aljihu. In asusu ɗaya ne ke riƙe da tanadin hidimomi da yawa, a buɗe wa kowace shafinta a littafi, don a san nawa ne na haya, nawa ne na makaranta. In ba haka ba, ganin kuɗin a dunƙule yana sa a ji an yi arziki.

A tabbatar wurin ajiyar yana da lasisin hukuma, a kuma san iyakar abin da inshorar ajiya ke biya in banki ya durƙushe. Ajiyar da ake kullewa na wani wa'adi ta dace da kuɗin da ranarsa ke nesa, amma a daidaita ranar buɗewa da ranar buƙata, domin fasa ta kafin lokaci yana da tara. Kuɗin da za a buƙata cikin shekara guda ba a juya shi a kasuwa, ba a ba da shi rance, komai kusancin mai nema. Duk wanda kuma ya zo da alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan makonni, a nisance shi da kuɗin iyali.

Asusun ko-ta-kwana

Wannan daban yake da tanadin hidimomi. Na rashin lafiya ne, da rasa aiki, da gobara ko ambaliya, da rasuwa. Abin da masana suka saba ba da shawara shi ne a tara kuɗin buƙatun dole na wata uku zuwa shida. Mai albashi tsayayye uku na iya isarsa, wanda samunsa ke hawa da sauka, ko gidan da mutum ɗaya ne ke nema, ya nufi shida. Adadin yana da ban tsoro a farko, don haka a fara da burin wata ɗaya. Kafin a taɓa shi a yi tambaya uku: ba a san da zuwan abin ba? Dole ne? Ba zai iya jira ba? Kuɗin makaranta bai tsallake tambayar farko ba, rangwamen kaya a kasuwa bai tsallake ta biyu ba. In an taɓa, mayar da shi ne aikin farko na watanni masu zuwa. Mai inshorar lafiya ya karanta takardarsa ya san abin da ba ta biya, da kuma tsawon jiran da ake yi kafin ta fara biyan wasu abubuwa kamar haihuwa.

In bashi ya zama dole

Tambayar da za a yi wa mai ba da rance ita ce: jimilla nawa zan biya daga farko har ƙarshe, haɗe da duk caji? Kuɗin ruwa na kashi 5 a wata yana da daɗin ji, amma a kan 100,000 na shekara guda, in ana lissafa shi a kan uwar kuɗin farko, 60,000 ne. Ga shi kuma duk wata ana rage uwar kuɗin amma ruwan bai ragu ba, don haka ainihin tsadarsa ta kusa ninka abin da aka faɗa. A tambaya ko ruwan yana bin abin da ya rage ne, da ko akwai tara in an biya da wuri. Biyan basussuka gaba ɗaya kada ya kai kashi ɗaya cikin uku na samun wata. Mai basussuka da yawa ya riƙa biyan mafi ƙarancin abin da ake buƙata a kan kowanne, ya tattara sauran ƙarfinsa a kan wanda ruwansa ya fi yawa. Bashin da wa'adin biyansa ya fi abin da aka saya daɗewa, kamar rancen shekara biyu don bikin kwana biyu, shi ya fi cancanta a guje masa.

Zaman ƙarshen wata

Mata da miji su ware rabin awa a ƙarshen kowane wata, da littafin a gabansu. A gwada abin da aka tsara da abin da aka kashe, a duba kalandar watanni uku masu zuwa, a tabbatar kowane tanadi yana inda ya kamata. Ba zaman tuhuma ba ne. In kuɗin cefane ya gaza wata uku a jere, adadin ne bai isa ba, a ƙara shi a rage wani wuri. Duk su biyun su san inda ajiya take da basussukan da ke kan gidan da waɗanda gidan ke bi, domin in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ne zai riƙe ragama. In albashi ya ƙaru ko an gama biyan wani bashi, a wannan zaman ake yanke inda ƙarin zai tafi, kuma rabinsa aƙalla ya wuce asusun tanadi tun a watan farko, kafin gida ya saba da kashe shi.